Yadda Na Binne Malam Sambo Da Tawada

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai. Sunayen jikokina ma sai na bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in dace da na wanda nake kira. Amma akwai wata Alhamis a Tambuwal da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da na so in manta.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama. Ina shekarata ta ƙarshe a makarantar alƙalai da ke birnin Sakkwato, inda ake koya mana fiƙihu da tsarin zaman shari'a kafin a rarraba mu kotunan gundumomi. Wata rana shugaban makarantar, Malam Haliru, ya buɗe akwatin da ake ajiye tsohuwar rajistar ɗalibai, ya tarar gara ta riga shi. Abin da ya rage bai wuce bango da ɗan gari-gari ba. Ya dubi akwatin ya ce in ba a yi wani abu ba, nan da shekara ashirin ba wanda zai san wa ya koyar a makarantar nan, balle wa ya koya.

Sai ya yanke shawarar a yi kundi. Kowane malami da ya taɓa koyarwa, da kowane ɗalibi da ya fita, a ba shi shafi guda: ina aka haife shi, a hannun wa ya yi karatu, waɗanne kotuna ya zauna, ina yake yanzu. Wanda ya rasu kuma a rubuta inda aka rufe shi. Ya kafa doka ɗaya tak. A ƙasan kowane shafi sai marubuci ya faɗi yadda ya sami labarin, ko daga bakin mai shi, ko daga shaidu biyu da ya kira sunansu, ko abin da idonsa ya gane masa.

Ni aka ba ɓangaren kudu, wato Jabo da Dogon Daji da Tambuwal har zuwa Kebbe, saboda dalili biyu. Na farko ni ɗan Dogon Daji ne. Na biyu ina da kyan rubutu (kuma na san ina da shi, wanda shi ne babbar matsalar). Malam Haliru ya faɗa a gaban aji cewa kujerar mufti, wato mataimakin alƙali, ta kotun Tambuwal ba kowa a kanta, idan aikina ya yi kyau sunana zai miƙa. Kafin in iso gida labari ya riga ni. Mahaifina, manomin da bai taɓa shiga kotu ba ko da shaida, har ya kai wa maɗinki yadin rigar da zai sa ranar da za a zaunar da ni.

Na ari keke, na fara yawo a tsakiyar marka. Aikin ya yi mini daɗi. Tsofaffin alƙalai suna son a tambaye su tarihinsu, wani ma sai ka roƙe shi ya tsaya. Cikin mako uku na gama kowa, saura suna ɗaya: Malam Sambo.

Malam Sambo shi ya koya mana babin shaida a shekararmu ta farko, kafin ya ajiye aiki ya koma ƙauyensu a ƙasar Kebbe. Ɗan siriri ne, ba ya duka, ba ya tsawa, amma mun fi tsoronsa da duk masu bulala. Idan ka kawo magana a aji sai ya yi gyaran murya sau biyu, ƙasa-ƙasa, sannan ya ce, "Kai kag gani, ko ce maka anka yi?" Daga nan ka shiga uku. Yana da wata doka kuma: wanda ya zo a makare ba ya tsallake mutane, ba ya yin sallama ya katse karatu, sai dai ya zauna can baya wurin takalma. Sannan yana da gafaka, jakar fata ja mai tabon ƙuna a kusurwa ɗaya, wadda yake ajiye littattafan da ya gada daga mahaifinsa. Ba mai taɓa ta. Sau da yawa mun ji ya dafa ta yana cewa, "Ni da gafakar ga sai mutuwa."

Ranar da na kama hanyar Kebbe, da hantsi na iso bakin gulbi. Da rani yara ma tsallake shi suke yi suna wasa, amma ranar ya cika ya batse, ruwa ja wur yana tafe da itatuwa. Ba kwalekwale a mashigin. Abin da ake fito da shi gora ce, irin ƙatuwar nan da ta kai randa. Ka tuɓe, a ɗaura maka kayanka a ka, ka rungume ta, mai fito ya shiga ruwa yana iyo yana tura ku. Na tsaya na ga an tura wani mai gishiri, ruwa ya karkatar da su har suka zama ɗigo biyu kafin su kai waccan gaɓa.

Mai fiton ya dawo yana tsiyayar ruwa, ya dube ni, ya dubi keken.

"Malam, tuɓe ka rungumi gora. Ruwan ga bai cin kowa sai wanda yas saki."

"Akan saki?" na tambaya.

"Akan saki mana. Amma kai ba ka yi kama da mai saki ba."

Na ce masa takardun da ke jakata na hukuma ne, ina tsoron kada su jiƙe, zan dawo gobe. (Takardun suna cikin tandun fata a toshe, ko a rijiya aka jefa su ba abin da zai same su. Ni ne ban iya ruwa ba, tun ina yaro ko tafki ba na shiga.) Ya yi murmushi irin na wanda ya saba jin wannan magana, ya juya ga wata mata mai tallan nono.

Ina juyowa sama ta kece. Na fake a zauren limamin wani ƙauye da ke wannan gaɓa. Liman yana gona, sai yayansa, wani dattijo da ke zaune yana tufka igiya. Mun gaisa, na zauna ina matse bakin rigata, na ɗaga kai. A jikin bango, rataye a kan turke, ga jar gafaka mai tabon ƙuna a kusurwa.

Na ce, "Baba, gafakar can fa?"

"Ta Malam Sambo ta," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Rabon Liman ta, da anka raba littattafai nai."

"An raba?"

"Tas. Ko takarda guda ba a bari ba. Ɗalibai nai sunka taru, kowa yaɗ ɗauki rabo nai, ana ta kuka."

A wurinmu ba a raba littattafan malami yana numfashi. Rabon littattafai rabon gado ne, kowa ya san haka. Ga kuma gafakar da mai ita ya ce sai mutuwa. Na haɗa wannan da wancan, na yanke hukunci a zuciyata nan take.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai da na tsufa. Abin da ya fara zuwa mini ba baƙin ciki ba ne. Sauƙi na ji, wani sanyi har cikin ƙashi, domin mamaci ba ya bukatar a haye gulbi a tambaye shi tarihinsa. Baƙin cikin ya zo daga baya, kuma na gaske ne, amma shi ne na biyu a layi. Tambaya ɗaya ce ta rage in yi wa dattijon nan, "Yaushe ya rasu?" Kalma uku. Ta zo har bakina na haɗiye ta, don wani ɓangare na zuciyata yana tsoron amsar za ta mayar da ni bakin ruwa. Ruwan sama na tsagaitawa na hau keke.

A zauren mahaifina na rubuta shafin. Na fere sabon alƙalami, na dama tawada mai kauri, kuma a nan kyan rubutu ya ɗebe ni. Shafin mutum kamar Malam Sambo ai ba zai tafi fayau ba. Na rubuta cewa ya rasu ranar Juma'a bayan la'asar (wa zai kashe malaminsa ranar Talata?). Na rubuta cewa ɗalibansa suna kewaye da shi. Har wasiyya na ba shi, cewa kalmarsa ta ƙarshe ita ce: "Kada tsoro ya hana ɗayanku zuwa inda gaskiya take." Wallahi ina rubutawa ina hawaye, ban ko ji kunyar alƙalamin ba. Da na zo ƙasan shafi, wurin faɗar yadda na sami labari, na tsaya. Ba ni da shaidu biyu. Ba ni da ko ɗaya. Na dangwali tawada na rubuta: "Na tsaya a kan kabarinsa da ƙafafuna."

Da Malam Haliru ya karanta shafin a Sakkwato sai ya cire tabarau ya rufe fuska da hannun riga. Tare da Malam Sambo suka yi karatu suna samari. Ya tara makaranta aka yi addu'a, aka raba sadakar masa. Na ci biyu.

Bayan kaka aka baza shela a duk yankin, aka sa ranar karanta ɓangaren kudu a Tambuwal, a gaban waɗanda aka rubuta, don kowa ya ji shafinsa ya gyara in da gyara. Muna cikin mota Malam Haliru ya ce mini, "In mun ƙare, gobe sai mu wuce Kebbe mu yi wa iyali nai ta'aziyya. Kai za ka kai mu kabarin, tunda ka san wurin." Na ce to. Na lallashi kaina da cewa in mun isa zan faki ido in tambayi wani. Har lokacin ban yi shakkar akwai kabarin ba. Motar ta lalace mana a hanya, muka iso an daɗe ana jira, ko ruwa ba mu sha ba aka ce a fara.

A gindin wani babban durumi ne, gaban kotu. An shimfiɗa tabarmi. Sahun gaba Alƙalin Tambuwal ne da Malam Haliru da manyan malamai. A gefe ga Di'o, Baturen da ke kula da yankin, wanda rangadi ya biyo da shi, yana kan kujerarsa ta naɗewa da tafintansa a tsugune. Shi ne zai sa hannu a takardar mufti. A sahu na uku ga mahaifina cikin sabuwar riga, ko karin guga bai fita ba. Ni kaɗai ne a tsaye ina fuskantar jama'a, kowa ya ba hanya baya.

Na fara da masu rai. Murya ta zauna, ana ta gyaɗa kai. Wani tsohon alƙali ya gyara mini cewa shekara tara ya yi a kotunsa ba takwas ba, aka yi dariya. Ina cikin shafi na shida na hango jaki yana tahowa daga hanyar kudu, wani dogon Bafillace da sanda yana janye da shi, a kai wani tsoho ya rufe baki da rawani. Bafillacen ya sauke shi, ya riƙe masa hannu. Mutanen da ke baya suka zabura za su tashi, tsohon ya ɗaga hannu ya hana su. Ya lalubi ƙasa ya zauna a wurin takalma.

Wurin takalma. Wani abu ya ɗan taɓa ni, na kawar da shi na ci gaba. Sai da na kai ƙarshen shafi na tsaya in juya takarda, wuri ya yi tsit, na ji gyaran murya daga can baya. Sau biyu, ƙasa-ƙasa.

Jama'a, na san muryar uwata, na san wannan gyaran murya. Layukan da ke gabana suka fara rawa. Na ƙara kallo. Siririn wuyan nan ne, da yadda yake karkatar da kai gefe guda idan yana saurare. Saura shafi uku in gama masu rai, daga nan sai babin mamata, kuma shi ne na farko a ciki, don girmamawa.

Shafi ukun nan na ja su kamar mai jan ƙirgi. Kowane suna sai na bi shi da addu'ar da ba ta cikin rubutu. Na yi wa wani mufti addu'a har ta kai ga kakanninsa, shi kansa ya ɗago yana mamaki. Ina karatu ina roƙon Allah ya kawo hadari, a watan da ko gajimare babu. Na roƙi a kira salla, alhali rana ko tsaka ba ta kai ba. Na ce wa kaina wataƙila ƙanensa ne, ai 'yan'uwa sukan yi kama. Na ce wataƙila tsufa ya toshe masa kunne. Da shafukan suka ƙare sai na lashi yatsa na haɗa takarda biyu na juya tare.

"Tsaya," in ji Malam Haliru. "Ka tsallake wanda munka fi so mu ji."

Ya juyo rabi ga jama'a, ya ce yanzu an zo kan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kuma na farkonsu mutum ne da duk wanda ke wurin nan ya sha daga hannunsa. Ya ce, "Karanta, ɗana."

A nan ne mai hankali zai rufe kundi ya durƙusa ya ce ya yi kuskure. Na sani. Na sha tsara yadda zan yi hakan, shekara da shekaru bayan abin ya wuce. Amma a lokacin idon Di'o yana kaina, idon mahaifina yana kaina, ƙafafuna sun ƙi lanƙwasuwa. Sai kawai na ji kaina ina karantawa, can ƙasan maƙoshi, da fatan iska ba za ta kai maganar baya ba.

"Bature ya ce ka ɗaga murya," in ji tafinta.

Na ɗaga.

Ina ambaton sunan, Alƙalin Tambuwal ya dafe ƙirji. "Inna lillahi! Yaushe? Ba a ko aiko muna ba!" Sahun gaba ya ɗauki salati. Mutanen baya kuwa gaba ɗaya suka waiga suka dubi tsohon da ke kusa da su, suka dubo ni, suka sake dubansa. Wani ya fara magana, tsohon ya sake ɗaga hannu. Ba a katse karatu. Haka na ci gaba, rabin taro na gaba suna sharar hawaye, rabin baya sun cusa bakin rawani a baki kafaɗunsu na girgiza, ni kaɗai nake ganin duka biyun. Na karanta Juma'ar. Na karanta la'asar ɗin. Da na zo kan wasiyya Di'o ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Layin ƙarshe ma ban tsira ba, don Malam Haliru ya ce in faɗi shaidar kamar yadda na yi wa sauran. Na ce na tsaya a kan kabarinsa da ƙafafuna.

Aka ɗaga hannu aka yi fatiha. Ta tsakanin yatsuna na leƙa, na ga shi ma ya ɗaga nasa. Aka shafa.

"Amin," in ji wata murya daga wurin takalma, bayan kowa ya gama. "Allah shi karɓa. Amma ina da tambaya ga mai karatu."

Gyaran murya sau biyu.

"Kai kag gani, ko ce maka anka yi?"

Ban taɓa ganin manyan mutane sun juya da sauri haka ba. Wani dattijo a sahu na biyu ya miƙe ya yi taku uku zai gudu kafin ya tuna da girmansa. Malam Haliru ya tashi tsaye, tabarau a hannu. Di'o ya mayar da hularsa, ya sake cirewa, ya rasa wanne ya dace. Bafillacen nan, wanda daga baya na san Arɗo ne kuma aminin Malam Sambo, ya kamo hannunsa ya ratso da shi har gaba. A nan na lura idanunsa sun yi fari fat. Ba ya gani.

"Ina yaron yake? Matso in ji numfashinka." Na matso. "Kabarin ga da kat tsaya bisa, gabas ga masallaci shi ke ko yamma? Gaya min, don in lokaci ya yi kada in ɓace hanya."

Dariyar da aka danne a baya ta fashe. Ni kuwa na zube a gabansa.

"Allah shi gafarta Malam, ban kai ba."

"Mi yah hana ka?"

"Ruwa."

"To wa yac ce maka na mutu?"

"Ba kowa. Gafaka nig gani a zauren Liman, anka ce an raba littattafai."

Dariya ta ɗauke. Malam Sambo ya ce, a hankali, ba da ni kaɗai yake ba, "Idona ya tafi bara. Littafi hannun makaho abincin gara na. Shi ya sa nik kira su nir raba da hannuna, tun ina iya gane kowane da shafawa. Na ce ni da gafakar ga sai mutuwa, ban san ido ka fara mutuwa ba." Sannan ya juyo da fuskarsa daidai inda nake. "Gafaka alama ta, ba shaida ba. Na koya maka wanga ko ban koya maka ba?"

"Ka koya min, Malam."

"Kashe ni da kay yi bai yi min zafi ba. Kuskure na, kuma ba alƙalin da bai kuskure. Juma'ar ma na gode. Layin ƙarshe na yay yi min zafi. Wanda za shi zauna kusa ga alƙali, a ce mai je ka gano iyakar gonar marayu ka dawo ka faɗi, in ya iske ruwa a hanya fa?"

Da ƙasa ta tsage a lokacin da na yi mata godiya. Na ji Di'o ya yi magana, tafinta ya juya ga Malam Haliru ya ce Bature na tambaya, shin wannan ne saurayin da aka ce za a ba mufti? Malam Haliru ya sa hannu a aljihu, na ga bakin takardar da sunana ke ciki, ya mayar da ita.

"Gaya mai ba mu samu ba tukuna."

Da na ɗago, wurin mahaifina ba kowa. Na hango bayan sabuwar rigar yana tafiya shi kaɗai wajen tasha. Duk abin da ya faru ranar, wannan ne ya fi ci mini rai, kuma har ya bar duniya bai taɓa tayar mini da zancen ba, rigar ma ban sake ganinta a jikinsa ba.

Wasu suka ce a kore ni daga makaranta. Malam Sambo ya ce a'a, shafi dai ya ɓaci, kuma wanda ya ɓata shi ne zai gyara. A turo masa ni in zauna in ji tarihin daga bakinsa. Malam Haliru ya ce gobe ma sai mu tafi tare.

"Ba gobe ba," in ji Malam Sambo. "Yanzu ruwa ya janye, akuya ma na hayewa. Shi zo da marka."

Haka aka yi. Kujerar Tambuwal aka ba wani abokin karatuna mai rubutu kamar tafiyar kaza, mutumin kirki, ya kuma riƙe ta da kyau. Ni aka ƙara mini shekara ina kwafar kundi. Da marka ta dawo na tsaya a bakin mashigin nan, mai fiton nan dai ya fito daga ruwa ya gane ni.

"A'a, Malam! Bana takardun sun bar tsoro?"

Na tuɓe na rungumi gora. Ba zan ce na yi jarunta ba. Duk addu'ar da na sani na karanta, da ta shiga kasuwa da ta sa sabuwar riga, na sha ruwa ya kai ƙwarya guda, kuma da muka isa sai da mutum biyu suka ɓamɓare hannuna daga jikin gorar.

Kwana arba'in na yi a wurin Malam Sambo. Tarihin da ya ba ni bai kai nawa ƙawa ba. Ya sa na rubuta kotunan da ya zauna, da malamansa, sannan ya tilasta mini rubuta shari'u biyu da ya ce ya yanke ba daidai ba, da yadda ya koma ya nemi gafarar mutanen. Na ce wannan ai ba abin sa wa a kundi ba ne. Ya ce in an cire su, to shafin wani ne ba nasa ba. Na tambaye shi wasiyyar da na ƙaga fa, in kankare? Ya ce, "Bar ta, ta yi kyau. Amma rubuta sunanka ƙarƙashinta. Kai ka bukatar ta."

Ya ƙara shekara shida a duniya. Ranar da aka aiko cewa ciwo ya tsananta masa, ina malamin kotu a wata gunduma mai nisa, na taho ban tsaya ko'ina ba, na sami jana'iza, da hannuna na zuba ƙasa. Talata ce. Kabarin yana yamma da masallaci. Na tambayi Arɗo da limamin garin, kowanne daban, mene ne abin da ya faɗa na ƙarshe. Duka biyun suka ce tambaya ya yi ko an ba jaki ruwa. Haka na rubuta, da sunayensu a ƙasa.

Na yi aiki shekaru masu yawa bayan nan, har na zauna kujerar alƙali, amma labarin bai taɓa sakina ba. Duk taron tsofaffin ɗalibai, da na shigo sai wani ya ɗaga hannu daga nesa ya ce, "Muna nan da rai, kada ka rubuta!" Ni kuma tun daga ranar, ko kuka na ji a gidan maƙwabci ba na cewa an yi rasuwa sai na tambayi wanda ya yi wanka. Uwargida ta ce ni ne na ƙarshen zuwa ta'aziyya a unguwar nan, kuma gaskiyarta. Na dai bar wa 'ya'yana wasiyya, wannan karon tawa ce ta gaske: idan an zo cike shafina a kundin, kada su ba mai kyan rubutu. Su nemi wanda ya iya ruwa.